Akawun da Ba Ya Barin Wasiƙa a Rufe

Ya riga ya ninke mayafin kwamfutar gida huɗu ya rataye shi a hannun kujera, yanzu gilashin yake gogewa. Daga kusurwar hagu ta sama yake farawa, ya bi layi-layi zuwa ƙasa, kamar mai karanta shafi da ƙyalle. In ya gama sai ya hura madannai sau biyu, ya shafa wayar wuta daga kai har gindi ko ɓera ya ɗanɗana ta, sannan ya jona soket ya zauna. Kafin injin ya gama farkawa ya buɗe babban littafinsa mai baƙin bango, ya ɗora rula ya ja layi, ya rubuta ranar: Laraba, ƙarfe takwas saura kwata. Hasken safiya yana shigowa ta tsakanin ƙarafan taga, yana kwanciya a kan teburin sala-sala.

Akawu ake ce masa. Shekara tara ke nan da yin ritayarsa, amma sunan bai bi shi ya ajiye aiki ba. Da shi mutanen layi suka san shi, da shi mai kantin bakin titi yake gaishe shi. Matarsa ma in tana son tsokana Akawu take cewa, in kuwa magana ce mai nauyi sai ta ce Maigida.

Shekara talatin da uku ya yi a ɗakin karɓar wasiƙu na wata babbar ma'aikata. Ɗaki ne a ƙasan bene, mai warin gam da tsohuwar takarda, tagarsa ɗaya tana kallon tayoyin motocin manya. Yana ɗan shekara ashirin ya shiga, ɗan mai gyaran takalma da Allah ya ba kyan rubutu. Wanda ya koya masa aiki wani siririn dattijo ne da bai taɓa ɗaga murya ba. A wajensa ya koyi cewa wasiƙa ran da ta shigo ake buɗe ta, a shigar da ita littafi, a ba ta amsa ko da layi biyu ne. Fom kuwa har ƙasa ake cika shi, don gurbin da aka bari shi ke dawo da takarda baya. Kuma duk takardar da ta fita daga hannunka sai ka bar kwafinta a fayil, da takenta a sama wanda ko baƙo ya gani zai san abin da ke ciki.

Da farko haddace dokokin kawai ya yi. Sai a shekararsa ta shida, ran da aka janye wani kabad don a yi fenti, aka tsinci ambulan a bayansa, a liƙe, ƙura ta mayar da shi kalar bango. Shi ya buɗe. Wani direban ma'aikatar ne ya rubuto daga reshe mai nisa, yana roƙon a dawo da shi kusa da gida domin mahaifiyarsa tana kwance ba mai jinya. Shekara huɗu wasiƙar ta yi a bayan kabad. Da Akawu ya bincika, aka ce tsohuwar ta rasu tun a shekarar farko, direban kuma ya bar aiki ba sallama. Ba a san daga hannun wa ambulan ɗin ya kuɓuce ba. Wataƙila daga nasa. Tun daga ranar, in ya ga wasiƙa a rufe sai ya ji kamar mutum ne a tsaye a bakin ƙofa yana ta sallama ba a amsa ba.

Ita kwamfutar, babban ɗansa ne ya aiko masa da ita daga inda yake aiki, a watan da ya bar ofis, wai don kada zaman gida ya cinye shi. Wata uku tana cikin kwali yana zagaye ta. Da ya saba da ita sai ya gane tafireta ce mai yafiya: ka yi kuskure, ta shafe ba tabo. Nan da nan mutanen layi suka fara kawo masa takardunsu, mai neman aiki, mai ƙorafi kan fitilar titi da ta mutu, mai son a rubuta wa ɗa da ke nesa. Kowa ya san abin da ya shiga ɗakin nan ba ya fitowa ta bakin Akawu. Matarsa takan ce shekara arba'in ke nan tana aure da kabad mai kwaɗo.

Amma tun ranar da ya ji a rediyo cewa akwai ɓarayin da ke shiga kwamfutar mutum daga wata uwa duniya, su kwashe abin da ke ciki ba tare da sun taka ƙofarsa ba, hankalinsa bai sake kwanciya duka ba. Ya sa aka ƙara kwaɗo na biyu a ƙofar ɗakin. Ya kira mai walda ya ƙara ƙarafa a taga. Ya liƙe ɗan idon kyamarar da filasta, ya juya teburin yadda mai wucewa ba zai hangi gilashin ba. Kalmar sirrinsa ya rubuta ta a wani ƙaramin littafi, littafin yana cikin durowa, makullin durowar yana aljihun ƙirjinsa, har yakan shafa wajen a tsakiyar hira kamar mai ciwon zuciya. In hadari ya taso ya zare soket. In zai fita ya zare soket. Wani lokaci ya yi nisa a hanyar kasuwa sai ya juyo ya dawo ya duba ko ya zare.

Ƙanwarsa, wadda take koyar da kwamfuta a makarantar sakandare, ita ta haɗa masa komai tun farko, har da akwatin saƙonsa na imel. Shekara goma sha huɗu ya ba ta, shi ya riƙa kai ta firamare a kan keke, don haka in tana masa bayani da rabin kunne yake sauraro, kamar har yanzu tana rataye da jakar makaranta. Ran da ta ga kwaɗo na biyu dariya ta yi har ta dafa bango. Ta ce ɓarawon wannan abu ba ta taga yake shigowa ba, wasiƙa yake aikowa, mai gidan ya buɗe masa da hannunsa. Ta sa masa manhajar tsaro, wadda shi ya raɗa wa suna Maigadi. Ta ce in injin ya nemi a sabunta shi, ya yarda. Ta ce saƙon wanda bai sani ba kada ya buɗe, ya share kawai, kalmar sirri kuma ba a ba kowa, ko da ita ce ta tambaya.

Ya gyaɗa kai ga duka. Sabuntawar dai bai taɓa yarda da ita ba. Duk lokacin da tambayar ta fito sai ya danna sai an jima, don a saninsa ba a taɓa fayil sai an rubuto dalili, shi kuwa ba wanda ya rubuto masa. Maganar share saƙo kuwa ko a ransa bai ajiye ta ba. Wasiƙar wanda ba ka sani ba ai ita ce wasiƙa. Shekara talatin da uku duk baƙi ne suka rubuto masa. Saboda haka kowace safiya yakan buɗe duk abin da wani ya aiko, ya shigar da shi baƙin littafi, ya ba shi amsa. Masu ce masa ya ci gasa yakan amsa musu cikin ladabi cewa an samu tasu ta ranar kaza, amma a iya saninsa bai shiga wata gasa ba, a duba ko an yi kuskuren adireshi. Ta kwaɗayi ba a taɓa kama shi ba, don ba shi da shi. Da ya ga shekaru suna wucewa ba abin da ya faru, sai ya ɗauka kwaɗonsa da ƙarafansa ne suke aiki.

Mako uku kafin wannan Larabar, Tela ya shigo ɗakin da rana tsaka ya mayar da ƙofa da kansa. Aminin Akawu ne tun suna samari, shagonsa yana ƙarshen layin, kusan duk rigar da Akawu ya taɓa sawa zuwa ofis shi ya ɗinka ta. Ya zauna a kujerar baƙi, tef ɗin awo har yanzu a wuyansa, yana naɗe bakinsa a yatsa yana warwarewa. Ya ce likita ya gama magana. Hanta ce, kuma ta yi nisa. Watanni ne, ba shekaru ba. Ya faɗe shi yadda yake faɗa wa mai kaya cewa yadin ba zai isa ba.

'Ya ɗaya gare shi, matarsa ta daɗe da rasuwa. Maɓalli yake ce wa 'yar, don tana ƙarama a ƙarƙashin teburin yanka take wuni tana ware maɓallai launi-launi. Tana aure a wani gari mai nisa, da ciki wata bakwai bayan biyu da suka zube, likitanta kuma ya ce jininta yana hawa, a kiyaye mata tashin hankali. Tela ya ce ba za ta ji ba sai ta sauka lafiya. In ya kai lokacin, da bakinsa zai faɗa mata. In bai kai ba, yana son takarda ta faɗa mata a madadinsa, ga shi hannunsa ya fara rawa, zura zare a allura ma da ƙyar.

Awa biyu suka yi. Tela yana faɗa, Akawu yana bugawa. Akwai neman gafara a ciki kan ɓoyewar da ya yi. Akwai yadda mahaifiyarta take rufe baki da bayan hannu in tana dariya. Akwai bayanin tsohon keken ɗinki, inda ake ɗiga masa mai da inda ba a ɗigawa. Da suka gama Akawu ya fitar da ita a firinta, ya ninke, ya sa a ambulan ya liƙe. Tela ya cusa shi a aljihu, ya nuna gilashin da haɓa.

"Goge ta daga cikin abin nan, ina kallo."

Akawu ya goge, yana kallo. Abin da Tela bai gani ba, abin da shi kansa Akawu bai ɗauka a bakin komai ba, shi ne tun kafin firinta ta gama aikinta hannunsa ya riga ya yi abin da ya saba. Ya aika wa akwatin saƙonsa kwafi, yadda ɗansa ya nuna masa ake ajiya, ya kuma sa masa take yadda aka koya masa: Wasiƙar Tela zuwa ga 'yarsa, kan ciwon hantarsa. Sirri. A wajensa kwafin fayil ba wasiƙa ba ce, inuwar wasiƙa ce. Ba a buɗe shi, ba a ma tuna shi, yana nan ne kawai don ranar da gobara ko ruwa za su ci ta asali.

Ranar Talata, wato jiyan wannan safiya, wani saƙo ya shigo wanda bai yi kama da na masu gasa ba. Yana da tambari a sama, da doguwar lambar fayil, da harshen ofis tsaf, ba roƙo ba alkawari. Ya ce akwatinsa ya cika, za a rufe shi cikin kwana biyu a share duk abin da ke ciki, sai dai in ya cika fom ya tabbatar shi ne mai shi. Ya tuna abin da ke cikin akwatin. Kwafe-kwafen shekara tara, takardun mutane, amanar layi guda. Ya danna. Maigadi ya fito da wani jan gargaɗi a kusurwa, amma Maigadi kullum cikin gargaɗi yake, sai ya ture shi gefe. Suna, ranar haihuwa, lambar waya, duk ya cika. A gurbin ƙarshe ya tsaya. Muryar ƙanwarsa ta zo masa, ya ji ta sarai. Sai dai ita cewa ta yi kada ya ba kowa, wannan kuwa ba kowa ba ne, ofis ne, ga lambar fayil. Kuma ba a barin gurbi. Ya ciro makulli daga aljihun ƙirji, ya buɗe durowa, ya kwafi kalmar harafi-harafi. A baƙin littafi ya rubuta: an cika, an mayar. Ya wuni da sauƙin ran wanda ya sauke aiki kafin wa'adi.

Yanzu injin ya gama farkawa. Ya buga kalmar sirri, akwatin ya ce ba ita ba ce. Ya cire tabarau ya goge, ya sake bugawa da yatsa ɗaya, yana furta kowane harafi. Ba ita ba ce. A karo na uku ma haka. Ya tashi ya taɓa kwaɗon ƙofa, ya girgiza ƙarafan taga ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan daram. Yana tsaye a wajen wayarsa ta yi ƙara.

Tsohon masinjan ofishinsu ne, wanda sai shekara-shekara suke gaisawa. Bayan gaisuwa ya ce ya ga saƙonsa da safen nan, hankalinsa ya tashi. Ashe Tela ba lafiya haka, shi ne ba a faɗa musu ba? Ciwon hanta kuwa ba abin wasa ba ne. Ya ce shi ba mai ƙarfi ba ne, amma zai ga ɗan abin da zai iya turawa ta lambar asusun bankin da aka bayar a saƙon.

Akawu ya ce kada ya tura komai, zai kira shi. Muryar da ta faɗi haka ba ta yi kama da tasa ba. Ya zauna a kujerar baƙi, wadda bai taɓa zama a kanta ba, ya ga ɗakinsa ta inda Tela ya gan shi. Mutum sittin da uku ne a jerin adireshinsa, ya san adadin don shi ya shigar da su ɗaya-ɗaya. A cikinsu akwai wadda ya sa wa suna 'Yar Tela, domin ta hannunsa uban yake aika mata gaisuwa da hotuna.

Matarsa ta leƙo da waya a hannu ɗaya, ɗayan da kumfar wanki. Ta ce ƙaninta ne ya kira yana tambayar wani saƙo. Ta fara cewa tun yaushe kabad ya koyi buɗe baki, har da neman taimako a intanet, sai ta ga fuskarsa, ta haɗiye sauran.

"Maigida, gaskiya ne? Maganar Tela?"

Ya sunkuyar da kai. Ta goge hannunta a zani a hankali, ta jingina da ƙofa. Ita ta riƙa yi wa Maɓalli kitso tun rasuwar uwar har ta girma.

Ƙanwar ta iso wajen ƙarfe goma, ta bar ajinta a hannun wata malama, katin makaranta har yanzu yana lilo a wuyanta. Da shirin faɗa ta shigo, an ga alama. Ta ja kujerarsa ta zauna ba tare da an ba ta ba, ta tambaye shi abin da ya danna. Maimakon amsa sai ya miƙa mata baƙin littafin a buɗe. Ta bi layukan da yatsa, ta koma shafin baya, ta ƙara komawa. Shekara bayan shekara na saƙonnin 'yan damfara, kowanne da ranarsa da amsarsa, da rubutu mai kyau kamar bugun inji.

"Yaya, duk waɗannan ka amsa musu?"

"Sun rubuto."

"Ai shi ya sa suka ƙi barinka. Duk duniya kai kaɗai kake ce musu an samu taku."

Ta so ta yi dariya, dariyar ba ta fito ba. Ta ce Allah ya taimake su, tun farko lambar wayarta ta sa a matsayin ta ko-ta-kwana, in dai ɓarayin ba su riga sun canza ta ba. Aka jira. Minti biyu ne, amma a cikinsu Akawu ya ji motsin komai na gidan, ɗigon famfo, agogon falo, kurciya a kan katanga. Wayarta ta yi ƙit, lambobi shida suka shigo. Akwatin ya buɗe.

Ta yi aiki da sauri, tana faɗar abin da take yi kamar a aji. Ta canza kalmar sirri zuwa wata doguwa. Ta saita yadda ko an san kalmar ba za a shiga ba sai an turo lamba a wayarsa. Ta kori duk na'urar da ke cikin akwatin daga nesa; biyu ne, a wuraren da bai taɓa jin sunansu ba. Ta gano wata 'yar dabara da ɓarayin suka dasa, mai karkatar da duk amsar da aka turo zuwa wajensu, ta tumɓuke ta. Ta bar injin ya fara sabuntawar da ya yi shekaru yana roƙo, ta saki Maigadi ya bi lungu-lungu. Akawu yana tsaye a bayanta, hannuwa a baya, yadda yake tsayawa in babban sakatare yana duba fayil.

Abu ɗaya yake son sani, ya kasa tambaya. Matarsa ce ta tambaya a madadinsa daga bakin ƙofa: su wa aka tura wa?

Ƙanwar ta buɗe wajen saƙonnin da aka aika. Fayau. Ta ce sun share sawunsu, har kwandon shara sun zazzage. Ta ce yawanci kashi-kashi suke turawa, wataƙila ba su kai kan kowa ba, wataƙila na wasu ya faɗa cikin tarkacen da ba a dubawa, wataƙila yarinyar ma ba ta buɗe waya ba tun safe. Sannan ta gangara cikin saƙonnin da suka shigo, sai ya ce ta tsaya. Ga kwafin nan, da takensa ɓaro-ɓaro. Saƙon da ba a buɗe ba rubutunsa baƙi ne mai kauri, haka kuma wannan yake tun mako uku. Yanzu ya zama siriri, ya koɗe. Wani, a wani ɗaki da Akawu ba zai taɓa gani ba, ya karanta yadda matar Tela take rufe baki in tana dariya.

Ƙanwar ta karanta taken, ta ɗago ta dube shi. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi mutanen nan ba su da lokacin karanta akwatin kowa, kalmomi suke nema, asibiti, ciwo, sirri, in sun samu labarin gaskiya sai su ɗora roƙonsu a kansa don ya fi shiga rai. Ba ta ƙara da cewa shi ya jera musu kalmomin a layi ɗaya ba. Yana gani da idonsa.

"Na goge ta a gabansa," in ji Akawu. "Ya ce in goge, na goge."

"Ka goge, Yaya."

"Ban goge ba."

Ta juya ga madannai. Ta ce abin yi yanzu shi ne a tura wa duk mutum sittin da ukun saƙo maza-maza, a ce an shiga akwatin, abin da suka gani ƙarya ne, kada su tura komai, kada su danna komai. Har ta fara bugawa. Ya ɗora hannu a kan teburin kusa da nata, ya ce a cire wajen da aka ce ƙarya ne. Ta ce wannan fa ba takardar kotu ba ce, kalma biyu ce da za ta kwantar wa yarinyar da hankali in ta gani. Matarsa ma ta sa baki, ta ce wata biyu ne kawai, in ta haihu lafiya sai a nemi gafararta, ita za ta ɗauki alhakin a wuyanta.

Ya dubi kalmomin biyu a gilashi. Ya san suna da gaskiya ta wani gefen. Ya kuma san Maɓalli. Yarinyar da take bambance baƙin maɓalli da shuɗi mai duhu a ƙarƙashin tebur ba za ta ga sunan ubanta da sunan ciwo a layi ɗaya ta yarda ɓarawo ne ya ƙaga ba. Za ta tuna ramar da ta gani a hoton ƙarshe, wadda aka ce mata yawan aiki ne. Kuma ko ƙarya za a yi mata ko gaskiya za a faɗa mata, ba shi ke da ikon zaɓa ba. Ya riga ya yanke wa Tela shawara ɗaya ba da saninsa ba, ba zai ƙara ta biyu ba.

Aka tura saƙon a taƙaice: an shiga akwatina, ba ni na rubuto ba, kada a tura komai. Ƙanwar ta tambaya ko ta goge kwafin. Ya ce ta matsa. Da kansa ya goge, ya bi shi kwandon shara ya sake gogewa, sannan ya tambaye ta ko akwai wani wajen da ya saura. Ta ce a nan babu. Ba ta yi maganar abin da ya riga ya shiga hannun ɓarayin ba.

Ya fara shirya yadda zai faɗa wa Tela. A wannan lokacin Tela yana can a sunkuye a kan teburin yanka, da allin zane a bayan kunne, rediyonsa yana surutu ba mai saurare. Akawu ya gwada jimloli a ransa, duk suka fito da kayan ofis: ina baƙin cikin sanar da kai, bisa kuskuren da aka samu. Ba ɗaya a ciki da za ta iya tsallake dokin ƙofar shagon. Ya ce ko zai bari sai la'asar, in masu karɓar ɗinki sun ragu. Matarsa ta ce e, ya fara sa wani abu a cikinsa, tun safe ko ruwa bai sha ba. Ƙanwar ta duba agogo, ta fara tattara jakarta tana ce masa daga yau duk saƙon da ya ga yana gaggauta shi, ita zai fara kira, ko tana tsakiyar darasi.

Wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Tana rawa tana juyawa a hankali a kan katakon, har sunan ya fuskanto su. 'Yar Tela.

Su uku suka tsaya suna kallonta har ta yi shiru. Ƙanwar ta ce wataƙila gaisuwa ce kawai, ta saba kira? Matar ta ce tana kira, amma ranar Lahadi, in mijinta yana gida. Ba wanda ya faɗi ranar da ake ciki. A kan gilashin kwamfutar wani koren layi yana ta rarrafe, sabuntawa ta kai rabi.

Wayar ta sake ɗaukar ƙara.

Ƙanwar ta miƙa hannu, ta ce bari ta ɗauka ta ce Yaya ya fita ya manta wayar. Ya riga ta. Ya ɗauke ta a tafukansa biyu, yana kaffa-kaffa kada yatsa ya taɓa gilashin.

"Ubanta zai amsa," ya ce.

Ya duba ƙasa yana neman takalmansa. Matarsa ta turo masa su da ƙafa, ta matsa daga bakin ƙofa. Gida goma sha ɗaya ne tsakaninsu da shagon. Ya zura takalman ko dunduniya bai ja ba, wayar tana ta kuka a hannunsa, ya fita.